Tasalla da 'Yar Ɗorawar Kan Iyaka

Ku gyara zama. Laraba, janye ƙafarki daga kan tabarmata. Sa'adu, in gyaɗar nan za ka ci gaba da ɓarewa a kunnena, na fasa. Yawwa. To ga ta nan ta ƙaraso da ƙafarta, ga ta nanku.

Ta zo mu ji ta, Iya, mun buɗe mata kunne.

Wata mata ce a wani ƙauye, sunanta Tasalla. Sana'arta daddawa. In ta buɗe kwandonta ran kasuwa, tun daga bakin rijiya ake sanin ta iso. Mijinta ya rasu, sai ita da tsohuwarta, sai gona guda da ubanta ya bar mata. A kan iyakar gonar akwai wata ɗorawa da kakanta ya shuka, mutum uku ba sa rungume ta. Ita ce ta raba gonar Tasalla da ta maƙwabcinta Jatau. Ita ce kuma ke ba ta kalwar da take daddawa da ita.

Shi Jatau mai dabbobi ne. Yana da jaki, yana da akuya, yana da raƙumi. Gonarsa ta ninka ta Tasalla sau uku, amma in ya zo wucewa tata yake kallo, ba tasa ba. Kun san akwai irin mutanen nan, ƙwaryarsu cike, idonsu na kan ta wani.

Sai wata shekara, farkon damina, iska ta taso ta tuge ɗorawar tun daga saiwa. Tasalla ta yi kuka kamar an yi mata rasuwa, don kuwa rasuwar ce. Mutanen gari suka sare rassan suka kwashe. Masu sassaƙa suka ɗauke gindin suka yi turame. Ruwa ya kwaso yashi ya cike ramin. Kafin kaka ta yi, ko alama babu.

Sai Jatau ya ce ai shi a saninsa iyakar tana wajen wancan surin. Surin kuwa a tsakiyar gonar Tasalla yake. Rabin gonar ke nan, kuma rabin da ya fi ba da dawa. In ya tafi, abin da ya rage ba zai kai ta da tsohuwarta bazara ba.

Sai suka je gaban mai gari. Mai gari ya ce a je a gani da ido. Aka ɗunguma aka tafi gona. Tasalla ta durƙusa ta nuna wani ɗan tsiro, ko gwiwa bai kai ba, ganyensa bakwai.

Ta ce, "Ranka ya daɗe, ga 'yarta nan a gurbinta."

Jatau ya yi dariya, ya ce kalwa ai ko'ina tsuntsu ya yar da ita tsira take yi.

Mai gari ya daɗe yana kallon ɗan tsiron. Sai ya ce, "In a gurbin uwarta take, ƙasar za ta riƙe ta. Ranar da aka yi ruwan shuka zan dawo. In na tarar da ɗanyen ganye a jikinta, nan ce iyaka. In ban tarar ba, suri ne iyaka. Kada hannun mutum ya taɓa ta da mugunta. Ke kuma kada ki daki dabbar kowa, kada ki ɗaure dabbar kowa."

Kun ga, a garin nan da an gama kwashe amfanin gona sai a saki dabbobi su bi gonaki, su ci kara, su ci harawa. Ba mai hana su, ba mai korar su da sanda, har sai ruwa ya sauka. Jatau ya san da haka. Shi ya sa ya amsa da sauri, ya ce ya yarda.

Sai Tasalla ta debo karan dawa, ta kafa shinge ta zagaye 'yar ɗorawar. Ta ɗaure shi tsaf da igiyar rama. Ta ja baya ta duba, abin ya yi mata kyau. Kullum safe da la'asar sai ta ɗauko tulu daga rijiya, ta zuba mata ruwa tana waƙa:

'Yar ɗorawa sha ruwa,
Gurbin uwarki kike,
Ni Tasalla ina nan,
Ba mai cin ki ina raye.

Sai Jatau ya kira jakinsa.

"Jaki, kana son dusa?"

"Ina so, maigida."

"Je ka kan iyaka, akwai wani ɗan kore a can. Ka cinye shi."

Sai jaki ya tafi. Da ya ga shingen kara sai ya tsaya, ya ce Allah ya yi wa matar nan albarka, har ta jera masa abinci a tsaye don kada ya wahala da sunkuyo. Sai ya fara ci. Ya ci gabas, ya ci yamma, ya ci har da igiyar ramar. Tun azahar yake ci har la'asar. Da ya gama da shingen sai ya miƙa baki ya tsinke ganye biyu. Yana cikin tauna sai ga Tasalla da tulu a ka.

Hannunta ya kai ga sanda. Sai ta tuna maganar mai gari, ta sake ta. Ta shiga tsakaninsa da tsiron ta tsaya ƙyam. Jaki dai cikinsa ya riga ya cika, sai ya juya ya yi tafiyarsa. Saura ganye biyar.

Matan gari suka ji labari, suka yi ta dariya a bakin rijiya. Suka ce Tasalla ta yi wa abinci shinge da abinci. Ku ma ku yi dariyar, ba laifi, a nan dai ta yi wauta. Amma ku yi kaɗan, don matar nan ba ta wauta iri ɗaya sau biyu.

Washegari tun da sassafe sai ta ɗauki gatari ta shiga daji. Ta saro magarya, ta saro farar ƙaya, ta jawo su a ƙasa har gona. Hannuwanta duk suka yage, zaninta ya zama tsumma. Ta jibga ƙayar ta zagaye tsiron, ta bar 'yar ƙofa guda inda za ta riƙa zuba ruwa, ta toshe ta da reshe ɗaya. Ta zuba ruwa, ta yi waƙarta.

Jaki ya dawo, ya sa hanci, ƙaya ta soke shi. Ya koma gida yana kuka, ya ce shi kam ya haƙura da dusar.

Sai Jatau ya kira akuyarsa.

"Akuya, kina son dusa?"

"Ina so, maigida."

"Je ki kan iyaka, akwai wani ɗan kore a can. Ki cinye shi."

Sai akuya ta tafi. Ita akuya ba ta da gaggawa. Ta zagaya shingen sau ɗaya, ba ta ga hanya ba. Ta sake zagayawa, ba ta gani ba. A na uku sai ta lura da inda ƙasa ta jiƙe. Ta ce a ranta, inda ruwa ke shiga, ai ni ma zan shiga. Sai ta sa ƙaho ta ture reshen nan, ta matse ciki ta kutsa. Ta tsinke ganye ɗaya, ta tsinke na biyu. Ta buɗe baki za ta kama kan tsiron ke nan sai ta ji waƙar Tasalla daga nesa. Ta fito da baya da baya, ta tsaya gefe tana tauna, tana kallon Tasalla ido cikin ido. Kun dai san kallon akuya in ta yi ɓarna. Saura ganye uku.

Tasalla ta sauke tulunta. Ta zuba ruwa, ta koma gida ta ɗauko fartanya.

Sai ta haƙo jar ƙasa, ta kwaɓa. Tana da sauran ɓawon ɗorawa na uwar tsiron da ta ajiye tun bara. Ta jiƙa shi ya zama makuba, ruwan nan da magina ke zubawa a laka don ta yi ƙarfi. Ta ce uwa ce za ta tsare 'yarta. Ta gina katanga zagaye, kamar ɗan rumbu, tsawonta har ƙirjinta. Ta bar 'yar kafa a ƙasa wadda ko kan kaza ba zai shiga ba, ta nan take zuba ruwa. Sama kuwa ta bar shi a buɗe don rana ta samu shiga. Ta mayar da ƙayar ta kewaye katangar. Kwana bakwai ta yi tana wannan aiki, ita kaɗai, ba namiji ko ɗaya da ya ɗaga mata curin laka.

Akuya ta dawo, ta zagaya sau uku, ta zagaya sau tara. Ta koma gida ta ce ita kam ta haƙura da dusar.

Sai Jatau ya kira raƙuminsa.

"Raƙumi, kana son dusa?"

"Ina so, maigida, in da kanwa."

"Da kanwa. Je ka kan iyaka, akwai wani ɗan kore a can. Ka cinye shi."

Sai raƙumi ya tafi, yana taku ɗai-ɗai. Da ya ga ƙaya sai ya ji daɗi, don shi ƙaya abin marmari ce a wurinsa. Ya ɗan taɓa magaryar. Sannan ya leƙa ta saman katanga, ya zura dogon wuyansa ciki. Ya laso ganye ɗaya. Ya laso na biyu. Sai ga Tasalla ta yar da tulu ta sheƙo da gudu, ta shimfiɗa zaninta a bakin katangar ta kwanta a kai. Raƙumi ya dube ta daga sama, ya yi gurnani, ya tafi. Saura ganye ɗaya tal, ga ruwan shuka da sauran wata biyu.

Ran nan Tasalla ba ta yi waƙa ba. Ta zauna a gindin katangar ta yi kuka, don ta ji tsoro ƙwarai. In ta rufe saman, tsiron zai mutu don rashin rana. In ta bar shi a buɗe, raƙumi zai dawo gobe. In ta tare a wurin tana gadi, wa zai ɗebo ruwa, wa zai ba tsohuwarta abinci? Ta duba wajen surin, ta ga kamar har an riga an ja kunyar iyaka a can.

Sai ta tashi ta tsince fasasshen tulunta ta kama hanyar gida. Hanyar kuwa ta bayan gidan Jatau take bi, inda turken dabbobinsa yake. Lokacin bazara ne, ƙasa ta bushe ƙayau, awaki har tsumma suke ci. Sai ta hangi wata 'yar ciyawa kore shar a gefen turken, inda ruwan da ake ba dabbobi ke tsiyaya. Ta yi mamaki. Duk garin ba kore, ga kore a bakin dabbobi uku, amma ba wanda ya ci.

Sai ta tsaya. Akuya ta zo ta sunsuna ciyawar, ta kau da kai. Jaki ya zo ya sunsuna, ya ɗaga leɓe sama, ya wuce. Tasalla ta matsa ta duba da kyau. Ashe a kan tarin kashinsu ciyawar ta tsiro.

Mutum ɗari sun bi hanyar nan ba su gani ba. Ita ta gani. Irin matan da muka fito daga tsatsonsu ke nan, ku riƙe wannan.

Washegari da hantsi Jatau na zaune a ƙofar gidansa da dattawa huɗu, sai ga Tasalla da kwando da tsintsiya. Ta durƙusa ta gaishe su. Ta ce, "Malam Jatau, alfarma na zo nema. Ka bar ni in share maka turke, in kwashe kashin."

Jatau ya ji daɗi har cikin ransa. Ya ɗauka ta sare ne, ta fara koyon yi masa bauta tun kafin gonar ta tafi. Ya ɗaga murya don dattawan su ji, ya ce, "Kwashi. Na jaki, na akuya, na raƙumi, duk na ba ki kyauta, yau da gobe da kullum."

Ta yi godiya. Ta share turken tas, ta cika kwando ta kai gida.

To ita mai daddawa ce. In akwai abin da ta ƙware a kai a duniya, shi ne yadda ake sa abu ya yi wari. Sai ta zuba kashin nan a tsohuwar tukunya, ta zuba ruwa, ta dama. Ta rufe da ganye da tsumma yadda take rufe kalwa, ta ajiye a inda rana ke duka. Kwana uku cur. Ran da ta buɗe, kajin gidan suka tsallake katanga. Tsohuwarta ta toshe hanci ta ce, "'Yar nan, in wannan ce daddawar bana, ni na bar cin miya." Maƙwabta suka ce baƙin ciki ya taɓa Tasalla, hannunta ya lalace.

Ta ɗauki tukunyar a ka ta ratsa tsakiyar gari, kanta a miƙe, mutane na darewa. Ta isa gona. Ta tsoma tsintsiya ta yayyafa wa ganyen nan ɗaya, sama da ƙasa. Ta yayyafa wa karan tsiron. Ta shafe bakin katangar, ta yayyafa wa ƙayar. Sannan ta zuba ruwa mai kyau ta kafar ƙasa, ta yi waƙarta, har ta fi ta kullum ƙarfi.

Sai ga raƙumi. Ya zura wuya, ya sunsuna, ya zaro kai da sauri.

"Wannan ai nawa ne."

Sai ga akuya. Ta ɗafa katanga ta sunsuna, ta yi atishawa.

"Da nawa a ciki."

Sai ga jaki. Shi ko kusa bai ƙarasa ba, ya ɗaga leɓe sama.

"Ni tun daga nan na gane nawa."

Suka koma gida su uku a jere. Jatau ya ce ina labari. Suka ce ba labari. Ya ce zai ninka dusa. Suka ce ko ya ninka. Ya ce zai ƙara kanwa. Sai raƙumi ya sunkuyo da kansa ya ce, "Maigida, mu dabbobi ne, amma ba ma cin namu. In kai kana iyawa, ga hanya nan."

Sa'adu, rufe bakin nan kada ƙuda ya faɗa. Ban gama ba.

Tun daga ran nan, duk bayan kwana uku Tasalla ta je ta share turken Jatau, ta jiƙa, ta yayyafa. Tsiron ya fitar da sabon ganye. Ya fitar da wani. Hadari ya fara haɗuwa a gabas. Sai a lokacin Jatau ya gane inda kashin nan ke tafiya, amma ya riga ya yi kyauta a gaban dattawa, ba halin ya janye.

Sai ran kasuwa da rana tsaka, da ya ga gari ya watse, ya saɗaɗa ya nufi kan iyaka. Ya duba gabas, ya duba yamma, ba kowa. Ya taka ƙaya a hankali, ya kwanta a kan katangar ya zura hannu. Hannunsa bai kai ba. Ya ƙara miƙawa. Sai magarya ta kama babbar rigarsa ta baya, farar ƙaya ta kama wandonsa. Ya ja, ta riƙe. Ga ƙirjin rigar duk ya shafo abin da ke bakin katangar.

Sai ga Tasalla da sabon tulu a ka. Bayanta kuma matan ƙauyen gaba ne guda shida, za su kasuwa.

Da ni ce da na tara masa jama'a. Ita ba ta yi haka ba. Ta sauke tulun, ta gaishe shi da ladabi, ta ce, "Sannu da aiki, Malam Jatau. Ban ruwa ka zo taya ni?"

Jatau ya dubi matan nan shida, su ma suna dubansa. In ya ce a'a, sai ya faɗi abin da ya kawo shi, mai gari kuwa ya riga ya yi magana a kan hannun mutum. Sai ya ce, "I, shi na zo yi."

Ta cire masa ƙayar ɗaya bayan ɗaya. Ta miƙa masa tulun. Ya durƙusa da babbar rigarsa, ya zuba ruwan nan ta kafar ƙasa har ya ƙare. Matan suka yi ta sa masa albarka, suka ce ba su taɓa ganin maƙwabci irinsa ba. Kafin la'asar duk kasuwa ta ji cewa Jatau da hannunsa ya shayar da 'yar ɗorawar kan iyaka.

Bayan kwana tara aka yi ruwan shuka. Da safe mai gari ya zo da jama'arsa. Ya leƙa cikin katangar, ya ƙirga ganye goma sha ɗaya. Ruwa ya wanke su fes, abin da aka yayyafa duk ya gangara gindi ya zama taki.

Jatau ya ce ai dabara aka yi, ba ƙasa ce ta riƙe ta ba. Mai gari ya tambaya ko an daki dabbar wani. Aka ce a'a. Ko an ɗaure dabbar wani? Aka ce a'a. Ya ce to kashin na dabbobin wa ne? Dattawan nan huɗu suka ce na Jatau ne, a gabansu ya bayar. Ya ce wa kuma aka gani yana ba ta ruwa ran kasuwa? Jatau ya sunkuyar da kai.

Mai gari ya ce, "To kai ka ba ta taki, kai ka ba ta ruwa. Nan ce iyaka."

Tasalla ta yi godiya. Ba ta yi guɗa ba, ba ta yi wa kowa gori ba. Ta ɗauki ƙwaryar irinta ta wuce wajen surin, ta fara shuka dawarta daga nan.

Ɗorawar ta girma, ta fi katangar, ta fi raƙumin. Shekarar da ta fara 'ya'ya, Tasalla ta yi daddawa da kalwar farko, ta ƙulla mafi kyau a ganye ta aika gidan Jatau. Aka ce ya ci tuwon ran nan har ya nemi ƙari. Raƙumin kuwa har ya tsufa a inuwarta yake kwanciya, bai sake ɗaga kai ya taɓa ganyenta ba.

Ƙurunƙus, kan ɗan kusu ya leƙo, tatsuniya ta koma raminta.

Shuka itace kowa ya iya, ko tsuntsu yana yi. Wanda ya tsaya a kansa har ya fi ƙarfin bakin akuya, shi ne mai itace. Ɗan mangwaron da na dasa a bayan ɗakina jiya da ganye shida na bar shi, yau huɗu na gani, kuma na san wanda ya bar ƙofa a buɗe. Ba zan faɗi suna ba. Gobe da safe dai, Laraba, ki ɗauko tsintsiya da tsohuwar tukunya, ki same ni a turke.